ZAGA ƘASA: Kwana biyu a ƙafa a bakin Ƙorama da kaka

Kaka ta kama. Hadari ya janye, shamuwa ta tattara ƴaƴanta ta nufi kudu, raɓa ta fara sauka da asuba, kuma daga Bande har Malawa duk inda ido ya kai sai dammunan gero jingine a gindin rumbu. Daga tsakiyar watan Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba ƙasar Magarya da Dungas take cikin kwalliyarta. Gaskiya ne rana tana da sauran zafi idan ta take tsaka, amma safiya da maraice suna da daɗi, tafkuna cike suke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, ƙurar hunturu kuma ba ta iso ba. A wannan ɗan tsakani ne ya kamata ma'aikacin da ya wuni mako guda a biro, da ɗan kasuwar da ya wuni a bakin kanti, su tambayi kansu yadda suke kashe Asabar da Lahadi. Akasari dai amsar ba ta wuce biki, da zaman fada, da shayi, da karta ba. Akwai mutumin da ya bi kwaltar Damagaram zuwa Magarya ya fi sau ɗari, ya san kowane rami da kowane shingen jandarma, amma bai taɓa sauka ya taka rabin kilomita cikin fadamar da yake hange ta tagar mota ba.

Turawa suna da wata al'ada a irin wannan lokaci. Idan zafi ya wuce a ƙasashensu, ganyen itatuwa ya soma ja yana zuba, sai mutum ya ɗaura jaka a baya ranar Juma'a da yamma, ya bi bakin kogi a ƙafa, ya kafa tanti inda dare ya same shi, ya komo gida ranar Lahadi. A Faransa tun 1947 aka kafa kwamitin da ke shata wa masu wannan yawo hanyoyi, ana shafa musu alamar ja da fari a jikin duwatsu da itatuwa don kada su ɓace. A Amurka akwai wata hanyar ƙafa da ke bin duwatsun Apalashiya, wadda aka gama a 1937, tsawonta kimanin kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14. Sai dai Bahaushe ba ya bukatar Bature ya koya masa tafiyar ƙasa. Fatake sun yi ta har Gwanja neman goro, da madugu da jagaba da uban dawaki, kowa da aikinsa. Masu jakunan kanwa sun ratsa wannan ƙasa ta kudancin Damagaram zuwa Kano shekara da shekaru. Unguwar Zango da ke Damagaram ma sunanta ya samo asali daga ayarin da ke sauka a bayan ganuwar Birni. Abin da ya faru kawai shi ne mota ta zo, ƙafa ta yi lalaci.

Amma akwai bambanci babba da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko. Hanyar Amurka da aka ambata kusan dukanta a cikin gandun hukuma take, mutum yakan wuni bai ga gona ba. A bakin Ƙorama babu irin wannan daji. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum fiye da 570,000 a gundumar Magarya, da fiye da 350,000 a gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, kuma yankin yana cikin waɗanda suka fi cunkoson jama'a a duk Nijar. Kowace inuwa tana da mai ita, kowace rijiya da wanda ya gina ta, kowace ƴar hanya tsakanin gonar wani da ta wani ta bi. Saboda haka wanda ya yada zango a nan baƙo ne a gidan mutane, ko da a fili ya shimfiɗa tabarmarsa. Daɗin tafiyar da lafiyarta duka sun rataya ga yadda ya riƙe wannan baƙunta.

Ƙorama da rassanta

Wanda ya je da tsammanin ganin kogi irin na Yamai, mai jiragen ruwa da dorina, zai sha mamaki. Ƙorama kwari ce mai rassa da yawa, wadda ta taso daga wajen Matamaye ta miƙa gabas, tana cikin ƙasashen da ruwansu ke gangarawa wajen tafkin Cadi. Da damina ruwa yakan gudu a cikinta, da kaka kuwa sai ya yanke ya zama jerin tafkuna da fadamu, wani wuri bado ya rufe, wani wuri yashi ya fito fari fat. Dukiyarta ta gaske a ƙarƙashin ƙasa take, domin a cikin kwarin ruwa yana kusa ƙwarai, gaba ɗaya ko biyu mai haƙa ya tarar da shi. Wannan ne ya sa ƙasar Bande da Washa da Gushi ta zama ta rake da rogo da dankali, ga mangwaro da gwaba da dabino, ga lambunan albasa da tumatir da kabeji waɗanda suka ƙaru tun da gwamnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa noman rani bayan farin 1984. Raken da yara ke sha a titunan Damagaram da sanyi, mafi yawansa daga waɗannan fadamu yake fitowa.

Tsarin tafiyar ba shi da wuya. Mutum uku ko huɗu sun isa, domin ɗaya ya yi kaɗan idan wani abu ya faru, goma kuwa nauyi ne ga ƙauyen da za a sauka. Bayan sallar Juma'a a shiga mota a tashar Damagaram, a sauka Bande tun rana ba ta faɗi ba. Mutanen Dungas su kuma su nufi Gushi ko Washa. Aikin farko shi ne gaisuwa a ƙofar mai gari, a faɗi suna da sana'a da abin da ya kawo mutum, a nemi ɗan jagora wanda ya san hanya ya kuma san mutane, a yi cinikin ladansa tun a zaune. Da ɗan gari akan ci gari, kuma jika biyu ko uku da za a ba saurayin nan sun fi kowace taswira amfani, domin shi ne zai ce wannan tafki yana da laka mai riƙe ƙafa, wancan lambu mai shi ba ya son a ratsa.

Kayan da za a ɗauka kada su wuce kilo 10 ga kowa: tabarma ko ƴar darduma, bargo marar nauyi, sange, wato gidan sauro, da igiyar ɗaure shi, tocila, malafa, wuƙa ƙarama, buta, kayan shayi, da takalmi rufaffe wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi abokin gaba ne a cikin yashi. Ruwan sha kuwa lita 4 zuwa 5 kowane mutum a wuni, a riƙa cika jarka a famfon ƙauye duk inda aka same shi. Guzuri kilishi da ƙuliƙuli da dabino da garin rogo sun wadatar, sauran a saya a hanya. Tanti ba dole ba ne, tunda ruwan sama ya ɗauke. Sange da rassa biyu na itace sun yi ɗaki.

Asabar a bakin fadama

A tashi da an idar da asuba. A cikin yashi mai kaya a baya ba ya wuce kilomita 3 ko 4 a awa, don haka kilomita 15 a wuni tafiya ce mai kyau ga wanda kujera ta saba da shi. Sa'o'in nan na farko su ne ribar tafiyar gaba ɗaya. Hazo yana kwance a kan rake, zalɓe yana tsaye a gefen ruwa kamar mai jiran bashi, belbelu suna bin shanu, kirinjijiya ta tashi garke guda tana fito. Cikin tsuntsayen da ke kiwo a bakin laka akwai baƙi waɗanda suka ƙetaro teku da hamada daga Turai don su ci rani a tafkunan Sahel, sun iso ke nan a daidai lokacin da shamuwa ta tafi. Masunta suna duba abin da suka kama, tarwaɗa da gaiwa da karfasa. A kan tudu mata suna roron wake, maza suna ɗaure dami, wani ya tsayar da riɗinsa ya jingina don ya bushe. Duk wanda aka wuce a yi masa sannu da aiki, a tsaya a amsa tambayarsa, domin tambayar baƙo daga ina zuwa ina haƙƙin mai gona ne.

Idan hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe 11, a nemi inuwar tsamiya ko mangwaro a zauna har la'asar. Nan ne akan sha furar sabon gero da nonon da Fulani suka kawo, a ci ɗanyar gyaɗa dafaffa, wanda ya yi sa'a kuma a gasa masa tumu. Nan ne kuma tsofaffi ke buɗe baki. A Washa da Dungas za a ji labarin Sosebaki, tsofaffin masarautun da suka haɗa da Mirya, waɗanda suka bi Barno kafin su koma ƙarƙashin Damagaram a ƙarni na 19, ita kuwa ta kai ƙarshen ƙarfinta zamanin Sarki Tanimun, wanda ya riƙe sarauta daga 1851 zuwa 1884. A wajen Magarya za a ji zancen zumuncin sarauta da Daura, da na zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, yake auna buhuna a kasuwannin yankin, kafin fari da cutar gyaɗa su karya cinikin a shekarun 1970.

Abin da ya fi cancanta matafiyi ya ɗaga kai ya duba shi ne gawo. A Turai kaka lokacin zubar ganye ce, a nan kuwa gawo ya juya lissafin: duk damina yana tsaye tsirara kamar matacce, sai ruwa ya ɗauke sannan ya fara tofo. Wanda ya bi tudun Ƙorama a watan Nuwamba zai ga gonaki sun yi fari da kara, gawo kuwa ya yi kore shar a samansu. Wannan hali nasa ne ya sa manomi ke ƙaunarsa, domin ba ya yi wa gero inuwa lokacin da gero ke son rana, ganyen da ya zubar taki ne, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne a tsakiyar rani. Yawancin itatuwan da ake gani matasa ne, ba su kai shekara 40 ba, kuma ba wanda ya dasa su. Bayan farin 1984 manoma suka shiga barin tsiron da ya fito da kansa a gona, suna rage masa rassa suna tsare shi, abin da ake kira sassaben zamani. Binciken da masanin Nijar Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya ƙiyasta cewa aikin ya shafi kimanin hekta miliyan ɗaya a Magarya da Matamaye da Mirya. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina a gonarsa. Masana suna zuwa daga ƙasashe masu nisa don ganin wannan abu da ke bayan gida. Matafiyin da ya sari reshen gawo don ya dafa shayi, to, dukiyar wani ya taɓa, kamar wanda ya buɗe rumbu.

Ladubban zango

Kafin rana ta faɗi a tsaya. Ba a kwana a cikin kwari, saboda sauro da raɓa da macizai. A hau tudu kusa da gari, inda mai gari ko mai gona ya nuna, nesa da rumbuna da tarin harawa. Kada a shimfiɗa a kan burtali ko a bakin mashaya, domin garke yakan taso da dare, kuma hanyar tasa ce. A share wuri har yashi ya fito kafin a hura wuta, a yi ta ƙarama, da an gama a binne ta a zuba ruwa. Da kaka komai busasshe ne, kara da ƙaiƙayi da harawa, kuma garwashin shayi ɗaya da iska ta ɗauka ya isa ya cinye abincin shekara na gida guda. Wanda ya jawo wannan ba ya da kuɗin da zai biya, ko da an kai shi gaban alƙali. Leda da gwangwani da batir a mayar da su cikin jaka, domin akuyar da ta haɗiye leda asarar mai ita ce.

Kaka kuma ita ce lokacin da zukata ke kusa tsakanin manomi da makiyayi. Dabbobi suna gangarowa daga arewa, amfanin gona bai gama shiga rumbu ba, ranar sakin gonaki da hukuma ke tsayarwa kowace shekara bayan shawara da sarakuna da wakilan ɓangarorin biyu ba ta zo ba. Dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun shata wa kowa iyakarsa, amma takarda ba ta hana saniya jin yunwa. Abin da ya faru a Toda, cikin jahar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, inda mutum fiye da 100 suka hallaka, da kaka ya faru. Baƙon da ya tarar da gardama a kan ɓarna kada ya sa baki, ko da a biro shi babba ne. Ya bar wa mai gari da arɗo aikinsu. Idan ya buɗe shingen lambu ya shiga, ya rufe shi kamar yadda ya same shi, domin ƙofar da baƙo ya bari a buɗe, makiyayi ake ɗora wa laifinta.

Idan an kiyaye waɗannan, daren zango yana da ladan da ba a samu a birni. Babu hasken lantarki da zai dushe sama, kaza da ƴaƴanta ta fito ta gabas tun da farin dare, kwaɗi suna kuka a ƙasa, daga nesa ana jin kiɗan ƴan mata a dandali. Mutanen gari za su zo hira, wani da ƙwaryar tuwo, wani da sandar rake. Abin da aka kawo a karɓa da godiya, a mayar da goro ko sukari da ganyen shayi.

Rigakafi ya fi magani

Ruwan da ke sa ƙasar kyau shi ne kuma ke kawo ciwonta. Daga ƙarshen damina zuwa kaka zazzaɓin sauro yake kan ganiyarsa. A 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara aiki a Magarya a 2005, ta ba da labarin cewa a ƙarshen daminar shekarar yara kimanin 10 ne ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin garin, akasari saboda zazzaɓin sauro da tamowa. Don haka kwana ba sange ganganci ne, kuma wanda jikinsa ya yi zafi bayan ya koma gida ya je a gwada jininsa, ya faɗa wa likita inda ya kwana. Tafkin da ya kwanta lumui yana kiran mai gumi ya yi wanka, amma a irinsa ake ɗaukar tsargiya, mai sa fitsarin jini. A yi wanka da ruwan rijiya. Kurkunu dai an rabu da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka ga Nijar a 2013, amma ruwan tafki bai zama na sha ba sai an tafasa.

Ƙarƙashin dami da tarin kara mazaunin kububuwa da kunama ne. Kada a sa hannu inda ido bai gani ba, kada a taka ƙasa da dare ba tocila, a kakkaɓe takalmi da safe kafin a sa. Idan maciji ya sari mutum, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗora shi a amalanke ko babur zuwa likita mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba. Karangiya kuwa ba ta kisa, amma wanda ya tafi da dogon wando mai gashi zai wuni yana cirar ta.

Sai batun iyaka. Layin da ya raba Nijar da Nijeriya a nan, wanda ayarin Kyaftin Tilho da takwarorinsa na Ingila suka kafa wa alamomi tsakanin 1906 da 1908, bai bi kogi ko dutse ba, ta cikin gonaki ya ratsa. Mai bin ƴar hanya a kudancin Magarya ko Dungas yana iya samun kansa a ƙasar Babura ko Maigatari bai sani ba. Harshe ɗaya ne, naira ma tana yawo a kasuwannin ɓangarorin biyu, amma hukuma biyu ce. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. A wannan zamani kuma baƙuwar fuska da jaka a baya a cikin daji tana jawo zargi, saboda haka a sanar da jandarmomi hanyar da za a bi da ranar komowa, a ji shawararsu, idan sun ce a dakata a dakata.

Ranar Lahadi a yi gajeriyar tafiya, a sallami jagora, a yi ban kwana da mai gari, a hau kabu-kabu zuwa bakin kwalta tun azahar, don a kwana gida a huta kafin Litinin. Ɗan kasuwa zai koma ya san inda raken da yake saye ke fitowa, da wahalar fitar da shi daga fadama a kan amalanke cikin yashi, ya kuma gane dalilin da ya sa farashin gona da na tasha suka yi nisa da juna. Ma'aikaci zai koma ya ga da idonsa tafkin da yashi ke cikewa shekara bayan shekara, da famfon da ya lalace ba wanda ya kawo rahoto, da lakwal ɗin zana da sunanta kawai ya sani a takarda. Ranar da takardar wannan ƙauye ta iso teburinsa, da wuya ya tura ta ƙarƙashin sauran. Gani ya kori ji. Kaka kuwa ba ta jiran kowa: kafin ƙarshen Disamba tafkuna sun ja baya, ƙura ta rufe sama, sai kuma baɗi ga mai rai. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya.